Minti Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe uku na dare a bakin kogin Columbia.
Tanda ta ɗau zafi, ƙullu na kumbura ƙarƙashin ƙyalle,
ni ina teburin baya, takardu har wuya,
shayina ya huce ban sani ba.

Ubana Anselm ya buɗe gidan burodin nan
da kwano biyu da bashin banki.
Da musafaha yake ɗaukar mutum aiki,
da musafaha yake sallama.
Littafinsa na nan, mai ƙamshin yisti,
shekara guda a shafi huɗu.
Nawa ya cika akwati uku, bai ƙoshi ba.

Shago ɗaya a Washington, ɗaya a Oregon,
gada ce kawai tsakani,
amma kowace jiha da bakinta.
Wendell na loda motar a wannan gaɓa,
ya sauke a waccan kafin gari ya waye,
ni in zauna ina ƙirga
wace sa'a tasa ta faɗa hannun wace doka.

Janairu na zuwa da sabon mafi ƙarancin albashi.
In hau kujera in ɓalle tsohuwar sanarwa daga bango,
in manna sabuwa kusa da firij,
inda ido ba zai ce bai gani ba.
Hutun rashin lafiya yana taruwa ɗigo-ɗigo
kamar ruwan indararo a bokiti,
dole in san na kowa,
har na Tuyet da ba ta taɓa cewa kaina na ciwo ba.

Na yi gunaguni, ba zan ɓoye ba.
Na ce ni mai toya burodi ce, ba lauya ba.

Sai daren jiya, ina bin lissafi da yatsa,
na ga agogon shiga aiki yana yi mini sata.
Rosalba na zuwa kafin lokaci ta kunna tanda,
shi kuwa ya share, ya fara ƙirga daga cikar awa.
Minti goma sha ɗaya.
Kullum. Tun watan Maris.

Wa zai sani?
Ba wasiƙar hukuma, ba mai bincike a ƙofa,
ita kanta ba ta ƙirga ba.
Na rufe littafin, na buɗe, na sake rufewa.

Hannun uwata ne ya hana ni barci.
Shekara goma sha tara a masana'antar gwangwanin kifi a Astoria,
tsaye, cikin ruwan sanyi,
yatsunta suka lanƙwashe kamar saiwar citta.
Tana cin abincin rana da hannu ɗaya,
ɗayan na kan wuƙa.
Ba wanda ya rubuta mintocinta a ko'ina.
Sun tafi da ruwan wanke kifi.

Da asuba na rubuta cek,
na haɗa da takardar bayani, kwanan wata bi da bi,
na ajiye kwafi a akwati na uku.
Rosalba ta karanta da gari a gira,
ta ce, “Greta, wannan na mene ne?”
Na ce, “Naki ne, ya makara a hanya.”
Ta ninke shi huɗu, ta tura cikin takalmi,
ta ce, “Burodin hatsin ya kusa ƙonewa.”

Na kira mai gyaran agogo, zai zo Talata.

Yanzu ƙarfe tara. Layi har bakin titi,
ruwan sama na tsiyaya daga lemar mutane.
Na dafa kafaɗar Tuyet: “Hutunki ya yi.”
Ta nuna mini layin da haɓa.
Na ce, “Layi ba ya mutuwa. Je ki zauna.”
Na karɓi wuƙar daga hannunta,
ƙotar da ɗuminta,
na ci gaba da yanka.